Sensar suga a zafin Abuja: yadda za ka sa ta riƙa faɗa maka gaskiya

Duk wanda ya fara ɗaura sensar awon suga a damtse, irin wadda likitoci ke kira CGM, ba ya cika mako guda bai yi ƙorafin nan ba: waya ta nuna lamba ɗaya, ya huda yatsa mita ta nuna wata, ya rasa wadda zai kama. Wasu daga nan suke yanke hukunci cewa an sayar musu da jabu, su ɓamɓare ta tun kwanakinta ba su cika ba, alhali kuɗinta ba na wasa ba ne. Akwai sensar da ke fitowa da lahani tun daga kamfani, wannan gaskiya ne. Amma a ganina mafi yawan kuskuren a hannunmu yake shiga: zafin da ta sha kafin a buɗe kwalinta, fatar da aka manna ta a kai, lokacin da aka gwada ta, da ita kanta mitar da aka ɗauka a matsayin alƙali. Waɗannan duk ana iya gyara su, kuma za mu bi su daga ranar saye har ranar cirewa.

Abu ɗaya ne sai an riƙe shi kafin komai. Sensa ba jini take aunawa ba. Wani siririn zare ne mai laushi, tsawonsa kamar milimita 5 a samfurin sensar da ake kira FreeStyle Libre, yake zama a ƙarƙashin fata, cikin ruwan da ke tsakanin ƙwayoyin nama. A jikin zaren akwai sinadarin da ke haɗuwa da suga ya haifar da ɗan ƙaramin lantarki, na'urar kuma ta mayar da lantarkin lamba. Duk abin da ya taɓa sinadarin, ko ruwan, ko zaman zaren a wurinsa, ya taɓa lambar.

Tun daga kanti

Juya kwalin ka karanta ma'aunin zafin da aka rubuta. A kwalayen Libre da yawa za ka ga digiri 4 zuwa 25, a na Dexcom, wani kamfanin sensa, 2 zuwa 30. Yanzu tuna Abuja a watan Maris da Afrilu, lokacin da rana ke kai digiri 37 har ta doshi 40, ɗaki a Kubwa ko Nyanya kuma, in aka ɗauke wuta, ya wuce 30 da dare. Motar da aka ajiye a filin fakin na kasuwar Wuse da tsakar rana ta fi haka nesa ba kusa ba. Sensar da ta yi awa biyu a aljihun gaban mota, ko ta taho daga Legas a but ɗin bas, ko ta zaga gari a akwatin ɗan aike mai babur, kwalinta zai iso tas, ba tabo ba lanƙwasa, amma sinadarin ciki ya riga ya jigata. Sai an ɗaura a ga tana ba da lambobi marasa kan gado, ko ta mutu a kwana na 5.

Don haka ka saya a babban kantin magani mai sanyi, ka tambayi inda suke ajiye ta, kuma ba laifi ka ce a nuna maka. Duba ranar ƙarewar aiki, duba ko an taɓa ɓalle hatimin, duba lambar NAFDAC in kayan da aka shigo da su ta hanyar hukuma ne. Ka sa sayen ya zama aikinka na ƙarshe kafin ka koma gida, ka riƙe ledar a kujera inda iska ke kaɗawa.

A gida, ƙofar firiji ta fi ko'ina, cikin roba mai murfi don kada laima ta jiƙa kwalin. Kada ta kusanci firiza ko bangon baya inda ƙanƙara ke kamawa, domin daskarewa ma kashe ta take yi. Ranar ɗaurawa ka fito da ita ta ɗan zauna a ɗaki sanyin ya sake ta. Wanda ba shi da firiji ya nemi ɗakin da rana ba ta dukan bangonsa da yamma, ya ajiye ƙasa-ƙasa, kusa da randa in akwai, ba saman wadirof ba inda zafin kwano ke taruwa. Kuma kada ya tara ta wata shida, ya riƙa sayen ɗaya ko biyu. Mutanen Jos sun huta da rabin wannan wahala, garin da ke sama da mita 1,200 a kan tsauni, ko da yake mota a rana ko a Jos ɗin mota ce.

Sai maganar tsaraba. 'Yan uwa kan kawo sensa daga Ingila, Dubai, Saudiyya ko Amurka, da kyakkyawar niyya. Matsalar ita ce sensar Libre tana tafiya ne da manhaja ko na'urar karatu ta ƙasar da aka sayo ta. Wadda aka sayo a Amurka ba ta tashi da na'urar Ingila. Ka tabbatar da wannan kafin ka huda fatarka, ba bayan ka huda ba, don in zaren ya shiga ba ya komawa kwali. Haka wayarka: Libre tana buƙatar NFC, wato fasahar da ke sa waya ta karanta abu in an kara ta a jikinsa, don tayar da ita, kuma wayoyi masu sauƙin kuɗi da yawa ba su da shi. Shiga saitin wayar ka duba, ka sauke manhajar, ka buɗe asusu, ka ga komai ya zauna, sannan ka yage kwalin.

Fata da wurin ɗaurawa

Nan ne aka fi yin ganganci. Da hunturu kowa na shafa basilin, man kaɗe ko giliserin daga wuya har dunduniya, kuma gam ba ya kama fata mai maiƙo. Goge da auduga sau ɗaya ba ya fitar da man da ya kwana uku yana shiga fata. Sensar za ta manne ranar farko, a kwana na 3 gefenta ya fara ɗagawa, zaren ya riƙa motsi a ciki, lambobi su fara tsalle.

Ga yadda ya kamata. Wanke bayan damtsen da sabulu marar mai da turare, ka ɗauraye sosai, ka tsane da tawul mai tsabta. In akwai gashi ka rage shi da almakashi ko ka aske tun jiya, ba yanzu ba. Goge wurin da sifirit, faɗin da ya fi sensar, sannan ka bar shi ya bushe da kansa. Kada ka hura da baki, kada ka taɓa da yatsa don ka ji ko ya bushe. Minti biyu na haƙuri a nan sun fi kowace filasta da za ka saya daga baya. Kuma kada ka ɗaura jiki na zufa ko ka fito daga wankan ruwan zafi yanzu-yanzu. Zauna a gaban fanka jiki ya huce.

Wurin kuma bayan damtse ne, inda nama yake da taushi, tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu. Ba gefen waje ba inda tsoka take, ba kuma kan lambar rigakafi, tsohon tabo ko kullutun da allurar insulin ta bari ba. Mai yin allura ya bar tazara tsakaninta da sensar, aƙalla santimita 2.5 a ƙa'idar Libre, kuma in ya ƙara ya fi. Dexcom G6 a ciki aka fi sa ta, wasu samfuran ma suna da wuraren da aka amince musu, don haka takardar da ke cikin kwalinka ita ce hujja.

Wane hannu? Wanda ba ka kwanciya a kai. Da yawanmu a gefen dama muke kwanciya saboda sunna, to hagu ya fi dacewa da sensa. Ana so a riƙa canza wuri don fata ta huta, amma ba dole sai an koma ɗaya hannun ba kowane lokaci: a matsa sama kaɗan, zagaye na gaba a matsa ƙasa ko ciki. Mata su lura da hannun rigar da tela ya matse, da igiyar jaka, da zanen goyo. Maza su lura da yadda ake naɗe babbar riga a kafaɗa. Mai shiga tasi daga Mararaba kullum, mutum huɗu a baya, ya sa ta can ciki inda kafaɗar maƙwabci ba ta gogarta. In an zo awon hawan jini a miƙa ɗaya hannun.

Danna na'urar ɗaurawar a miƙe, da ƙarfi, sau ɗaya. Ɗaga ta a hankali, sannan ka bi gefen gam ɗin da yatsa kana dannawa zagaye biyu ko uku. In za ka ƙara filasta a sama, yanzu ne lokacinta, ba sai ta fara ɓallewa ba. Dexcom G7 tana zuwa da tata a kwali. A Libre kada ka rufe ɗan ramin da ke tsakiya. Ɗigon jini kaɗan ba komai ba ne. In jinin ya ƙi tsayawa ko zafi ya ƙi lafawa, cire ta.

Ni na fi son a ɗaura da safe, ranar da mutum yake gida, saboda abin da ke tafe.

Ranar farko

Bayan an tayar da ita akwai jira: minti 60 a Libre, minti 30 a Dexcom G7, awa 2 a G6. Amma fara nuna lamba ba ya nufin ta zauna. Jiki yana ɗaukar zaren a matsayin rauni, wurin ya ɗan kumbura, kuma a awa 12 zuwa 24 na farko ne sensa ta fi yin kuskure, sau da yawa ta nuna ƙasa da gaskiya. Kada ka yi mata hukunci a wannan rana, kada kuma ka dogara da ita wajen allura ko shan zaƙi. Huda yatsa. Wanda ya ɗaura da dare shi ne ƙararrawa za ta hana shi barci a kan faɗuwar da babu ita.

Me ya sa lambobin biyu ba sa haɗuwa

Suga daga abinci jini yake fara shiga, sannan ya tsallaka zuwa ruwan ƙarƙashin fata. Tsakanin biyun akwai jinkiri na minti 5 zuwa 15. Kamar ayarin kai amarya ne: in an tsaya a ƙofar gida motar gaba da ta baya wuri ɗaya suke, in ana gudu kuwa ta baya tana inda ta gaba ta bari ɗazu. Ka ci masa da kunu, bayan rabin awa mita ta ce 190 (lambobin suga a rubutun nan da ma'aunin mg/dL suke), sensa ta ce 160 da kibiya a tsaye tana kallon sama. Babu mai ƙarya a cikinsu. Kibiyar da ta miƙe sama a Libre tana nufin suga na hawa fiye da maki 2 a minti ɗaya, wato cikin kwata ɗin awa ya ƙara 30 ko fiye. Lamba ba tare da kibiyarta ba rabin labari ce.

Inda wannan jinkiri ya fi cutarwa shi ne bayan suga ya faɗi. Mutum ya ga 60, jiki na rawa, ya sha rabin kofin lemon kwalba ko ya tauna ƙwayar suga 3 zuwa 4, wato kusan giram 15, kamar yadda ake koyarwa. Bayan minti 15 ya duba waya ya ga 62, sai tsoro ya kama shi ya shanye kwalbar ya ƙara da biredi. A jini kuwa tuni ya kai 85. Awa ɗaya gaba sai ga 250. Saboda haka duban da ake yi bayan minti 15 ɗin nan da yatsa ake yin sa.

Gyara alƙalin kafin a gurfanar da sensa

Ana ɗaukar mita kamar ba ta kuskure, alhali ƙa'idar duniya ta ISO 15197 ta 2013 ta yarda mita mai kyau ta kauce da maki 15 in suga bai kai 100 ba, ko kashi 15 cikin 100 in ya kai ko ya wuce. Jinin da yake 150 a gaskiya, mita lafiyayya na iya cewa 130 ko 170. Wannan fa sabuwa ce a hannun wanda ya iya.

Ƙara mata da halinmu. An sha ruwa da dabino, an goge hannu a riga, an huda yatsa: mitar zaƙin dabinon ta auna. Haka mangwaro, rake, lemo, alewar yara. Wanke hannu da sabulu ka busar sosai, domin ruwan da ya rage a yatsa yana tsinka jinin ya rage lambar. Sitirif, ɗan tsinken da ake ɗiga wa jini a sa a mita, yana lalacewa da zafi da laimar damina, don haka a rufe kwalbarsa nan take, kada a bar ta a mota, kada kuma a sayi wanda aka ƙirga aka ƙulla a leda komai arharsa. Da sanyin asubar Disamba a Jos yatsu ba sa ba da jini, sai mutum ya yi ta matsa, matsawar kuma tana gauraya jinin da ruwan nama. Murza hannuwa ko ka sa su a ruwan ɗumi tukuna. Mai ƙarancin jini, ko saboda maleriya, sikila ko juna biyu, ya sani cewa wasu mitoci kan nuna masa sama da gaskiya.

Akwai dabara mai sauƙi ta gwada su biyun a lokaci guda. Ranar da za a ɗebi jininka a asibiti don awon suga na safe, rubuta abin da sensa ta nuna a daidai lokacin da aka soka allurar, ka huda yatsa ma a nan take. In sakamako ya fito ka jera uku. Ɗakunan gwaji da yawa da mmol/L suke rubutawa, na'urarka kuma wataƙila mg/dL. Ninka da 18: 7.0 shi ne 126, 5.5 kuma kusan 100.

Gwaji na adalci

Zaɓi lokacin da kibiya ke kwance kuma an yi kamar awa 3 ba a ci ba, ba a yi allurar abinci ba, ba a motsa jiki ba. Da safe kafin karin kumallo ya fi. Huda yatsa, duba sensa a take. Ma'aunin da Dexcom ke bayarwa, wanda ya dace a yi aiki da shi ga sauran ma, shi ne na 20: in mita ta nuna ƙasa da 80, sensa ta kasance cikin maki 20 sama ko ƙasa, in ta nuna 80 ko fiye, cikin kashi 20 cikin 100. Mita 150, sensa tsakanin 120 da 180, lafiya lau. Na san wannan faɗin yana ba mutane mamaki, amma haka fasahar take a yau. Sensoshin zamani matsakaicin kuskurensu yana tsakanin kashi 8 zuwa 10 cikin 100, kuma a ƙasa-ƙasa, inda aka fi buƙatarsu, nan suka fi rauni.

In ta fita daga ma'aunin, sake wanke hannu ka maimaita da sabon sitirif a wani yatsan kafin ka ce komai. Rubuta a littafi: rana, lokaci, lambobi biyu, yanayin kibiya. Bayan kwana biyu ko uku za ka gane halinta. Sensar da kullum take ƙasa da maki 15 ana iya zama da ita, an san inda ta karkata. Wadda yau take sama da 40 gobe ƙasa da 50 ita ce ba ta da amana.

Libre ba a saita ta da hannu, daga kamfani aka saita ta. Dexcom G6 da G7 suna karɓar lambar yatsa in kana so, haka wasu samfuran ƙasar Sin da suka shigo kasuwa. In taka tana karɓa, ka ba ta lamba ne kawai lokacin da kibiya ke kwance, daga hannu wankakke, cikin minti 5 da hudawa. Kada ka saita ta ana tsakiyar hawa ko sauka, ko da ka farka ka ga ka danne ta, ko sau biyar a rana don ka tilasta ta yi daidai da mita. Lambar banza da ka shigar ita za ta bi har kwanaki.

Ƙararrawar tsakar dare

Ƙarfe 3 na dare waya ta yi ƙara, 58. Jiki lafiya, ba zufa, ba bugun zuciya. Ka duba zanen: layi yana tafiya sumul a 110, sai ya faɗo tsaye kamar an yanke shi. Ka lura kuma a kan hannun kake kwance. Nauyin jiki ya matse naman, jini ya ragu a wurin, sensar ta ga ƙarancin da babu shi a sauran jiki. Da ka juya, cikin kwata zuwa rabin awa layin zai koma inda yake. Ya fi faruwa ga marasa ƙiba, da masu kwana a tabarma ko siririyar katifa, da masu i'itikafi da ke matashi da hannu a kan kafet.

Mita ta kwana kusa da kai. In ba ka jin komai, huda kafin ka sha zaƙi. In kuwa kana jin zufa mai sanyi, karkarwa, jiri ko ruɗewa, sha zaƙin tukuna, bincike ya biyo baya. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne kashe ƙararrawar ƙasa gaba ɗaya don ta dame ka, musamman ga mai allurar insulin ko mai shan ƙwayar rage suga ta glibenclamide. Wannan ƙa'ida ta wuce dare: duk lokacin da jiki ya faɗi abu ɗaya sensa ta faɗi wani, yatsa ne zai raba gardama. Masu kula da Baba ko Inna su riƙe wannan da kyau, domin tsofaffi ba kullum suke jin alamun faɗuwa ba.

Magunguna

Bitamin C shi ne na farko, saboda yadda muke shan sa da mura ba tare da an rubuta mana ba. A Libre 2, fiye da miligiram 500 a rana na iya sa sensa ta nuna sama da gaskiya, kuma irin wanda ake jefawa a ruwa yana tafasa sau da yawa 1,000 ne a ƙwaya ɗaya. Haɗarin a bayyane yake: suga ya faɗi, sensa ta ce lafiya. Samfuran da ke da Plus a sunansu sun fi jurewa, amma su ma suna da iyaka.

Farasitamol kuma Dexcom ya shafa. G6 da G7 suna jure giram 1 duk awa 6, in aka wuce haka lamba na iya hawa. Ka tuna maganin mura da na ciwon jiki da yawa akwai farasitamol a cikinsu, mutum ya haɗa biyu bai sani ba. Sai hydroxyurea, wanda masu sikila da yawa ke sha a nan ƙasar: yana sa sensar Dexcom da ta Medtronic su nuna sama da gaskiya, kuma wannan magana ce da za a yi da likita kafin a zaɓi samfur, ba bayan an saya ba. Kada ka daina wani magani saboda sensa.

Ranar zazzaɓi, amai ko gudawa, ka koma yatsa. Jiki in ya bushe sosai ruwan ƙarƙashin fata ya ragu, sensa ta rikice. Maleriya kanta da maganin kwinin suna iya faɗar da suga da gaske, don haka lambar ƙasa a irin wannan rana ba abin rainawa ba ce.

Azumi ma haka, musamman in ya faɗo a bazara. Daga la'asar zuwa magariba jiki ya bushe, nan ne kuma faɗuwa ta fi zuwa. Jagorar ƙungiyar masu ciwon suga ta duniya a kan azumi ta ce a karya in suga ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300, kuma malamai sun bayyana cewa huda yatsa ba ya karya azumi. Tabbatar da yatsa, ka sha ruwa sosai tsakanin buɗa baki da sahur, ka ga likitanka tun cikin Sha'aban.

Waya, ruwa, rana

Libre ta farko da Libre 2 awa 8 kawai suke riƙewa a cikinsu. In ka wuce haka ba ka kara waya ba, kuma ba ta haɗe ta Bluetooth ba, abin da ya gabata ya ɓata. Wayoyin Android da yawa suna kashe manhaja a ɓoye don tattalin batir, to shiga saiti ka cire manhajar sensar daga wannan tsari, ka bar kwanan wata da agogo suna saita kansu. Wayar ta kwana a ɗakin da kake, ba a falo wurin caji ba. Fawa-banki a gidan mai sensa ba kayan ado ba ne.

Wanka da bokiti ba ya yi mata komai. Libre tana jure zurfin mita 1 na minti 30. A tsane ta da tawul a hankali, kada a goga. Ruwa mai tsananin zafi, irin na wankan jego, yana sassauta gam, zafin kuma na iya sa ta daina karatu na ɗan lokaci, haka tsayuwa gab da murhu ko doguwar tafiya hannu a rana, domin aikinta tsakanin digiri 10 ne da 45. Dilka, halawa da mai a kewaye ta da tazara. Alwala a gwiwar hannu ta tsaya, ba ta kai wurin ba, hukuncin wankan wajibi kuma a tambayi malami. In an tura ka hoton MRI ko CT, gaya musu kana ɗauke da ita tun wajen karɓar rana.

Yaushe za a haƙura da ita

Cire ta in zaren ya fito ko ta rataya da gefe ɗaya, domin ba a mayar da shi. Cire ta in wurin ya yi ja, ya kumbura, yana zafi ko ruwa. Cire ta in bayan ranar farko ta faɗi gwajin adalci sau da yawa a jere, ko zanen ya cika da giɓi da tsalle-tsalle. Kwanakinta in sun cika, 14 ko 15 a Libre, 10 a Dexcom G6 da G7 ta asali, kada ka bi dabarun da ake yaɗawa na sake tayar da ita, sinadarin ya riga ya gaji. Ajiye kwalin kowace sensa har ta gama aiki, ka ɗauki hoton lambar da ke jikinsa da hoton waya da mita gefe da gefe, ka riƙe rasit. Da su ake neman canji, da su kuma za ka duba in kamfani ya yi shelar janye wani rukuni.

Ranar asibiti, ko a Babban Asibitin Ƙasa ne, ko Gwagwalada, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, tafi da rahoton kwana 14 da manhajar ke fitarwa, da ɗan littafin nan naka. Matsayar masana ta 2019 ta ce rahoton yana da amfani in sensa ta yi aiki aƙalla kashi 70 cikin 100 na lokacin. Burin yawancin manya shi ne fiye da kashi 70 na yini tsakanin 70 da 180, ƙasa da kashi 4 a ƙasa da 70, ƙasa da kashi 1 a ƙasa da 54. Masu juna biyu da tsofaffi nasu daban ne. In HbA1c ɗinka, wato gwajin jinin da ke nuna matsakaicin suga na watannin baya, bai yi daidai da rahoton ba, gaya wa likita in kana da sikila, ƙarancin jini, ko an yi maka ƙarin jini kwanan nan, domin waɗannan suna karkatar da HbA1c ɗin ne. Sauya yawan allura ko ƙwaya kuma aikin likita ne.

Wanda aljihunsa ba zai ɗauki sensa duk wata ba, ya sayi ɗaya ya ɗaura kwana 15 kafin ranar ganin likita, a makonnin da yake cin abincinsa na kullum yana zuwa aikinsa, ba makon salla ko biki ba, ya riƙa rubuta abin da ya ci da lokacin da ya sha magani a gefen kowace rana.